Burodin inji yana tashi ya lotsa: injin ne ko fulawar?

Wata 'yar'uwa daga Sakkwato ta aiko da tambaya. An kawo mata tsarabar injin gasa burodi, irin wanda ake zuba kayan haɗi a danna, shi ya kwaɓa, ya jira tashi, ya gasa. Ta ce tana bin ɗan littafin da ya zo da shi sau da ƙafa. Da sanyi burodin yana fitowa gajere mai tauri. Da zafi ya shigo kuma sai ya kumbura har ya taɓa murfi, daga nan tsakiyarsa ta lotsa, cikinsa ya yi manyan ramuka, ga ɗan tsami-tsami. Tana so ta sani: injin ne ya samu matsala, ko fulawar ce ba ta da kyau?

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, alamun da kika lissafa ba na lalacewar inji ba ne. Injin da ya lalace ko dai ya ƙi juyawa, ko ya ƙi ɗaukar zafi. Naki yana murzawa, yana gasawa. Abin da ke faruwa shi ne, injin burodi agogo yake bi, ba ya ganin kwaɓi. An tsara masa cewa bayan minti kaza ya daina murza, bayan kaza ya fitar da iskar kwaɓin, bayan kaza ya kunna wuta. Ko kwaɓin ya gama tashi tun ɗazu, ko bai ko motsa ba, shi dai idan lokacinsa ya cika zai gasa. Mai yi da hannu kuwa leƙawa take yi, ta danna da yatsa, ta ce a ƙara masa minti goma, ko ta ce maza a kunna oben. Wannan idon shi ne injin ba shi da shi, kuma ke ce za ki zame masa ido.

A Japan aka fara fito da irin wannan inji na gida, a tsakiyar shekarun 1980, daga kamfanin Matsushita wanda yau ake kira Panasonic. Daga nan ya bazu zuwa Amurka da Ingila. Lokutan da aka saka a cikinsa da ma'aunan da ke cikin littafin duk an gwada su ne a ɗaki mai matsakaicin yanayi, wajen digiri 20 zuwa 25. Ke kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin garinku yana haura digiri 40, kicin ma ya fi tsakar gida zafi. Yis abu ne mai rai, kuma aikinsa yana kusan ninkawa duk lokacin da zafin kwaɓi ya ƙaru da digiri 9 ko 10. Kwaɓin burodi ya fi son ya gama murzuwa yana tsakanin digiri 24 da 27. Idan kika ɗebo ruwan tanki da ya wuni a rana, kika haɗa da fulawar da ta sha zafin kicin, ga kuma zafin da murzar kanta take haifarwa, to kwaɓin zai gama tashin da aka ware wa awa guda cikin rabin awa. Sauran rabin awar yana ci gaba da kumbura, danƙonsa yana miƙewa har ya gaji. Wuta na taɓa shi sai iskar cikinsa ta ƙara buɗewa, bangon ramukan ya yage, saman ya rufta. Tsamin da kike ji ma daga nan yake, ya wuce lokacinsa. Wasu injinan suna da abin auna zafi, suna ɗan ɗumama kwaɓi idan ya yi sanyi. Amma babu wanda yake iya sanyaya shi idan ya yi zafi.

Don haka maganin lokacin zafi ruwan sanyi ne. Ba ruwan randa ba, ruwan firij mai sanyi ƙarara. Idan zafin ya yi tsanani, ki sa fulawar ma a firij ta yi awa ɗaya a cikin leda a ɗaure. Ki rage yis da kashi ɗaya cikin biyar ko cikin huɗu. Ki ajiye injin nesa da murhu da taga mai rana, kuma ki yi burodinki da asuba ko bayan isha'i. Littafin zai ce miki ruwan ɗumi. Wannan ki ajiye shi sai Disamba da Janairu.

Matsalar hunturu kuma daban ce, abu biyu ne suka haɗu. Sanyi yana sa yis kasala, iskar kuma ta bushe ƙayau, fulawa ta saki ɗan danshin da ke jikinta. Ruwan da ya isa a damina ba zai isa a hunturu ba. Kwaɓi ya yi tauri, yis ba shi da ƙarfin ɗaga shi, lokacin gashi ya yi, sai ki fito da burodi gajere. A nan ne za ki yi amfani da ruwa mai ɗan ɗumi, wanda idan kika tsoma yatsa ba za ki ji zafi ba, ki kuma ƙara cokali ɗaya ko biyu a kan abin da aka rubuta. Kada ɗumin ya wuce haka, domin yis yana mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60.

Yanzu ga abin da na fi so ki riƙe, don ya fi duk wani ma'auni da zan ba ki. Idan injin ya yi minti goma yana murza, ki buɗe murfin ki leƙa. Mutane da yawa suna tsoron buɗewa, suna ganin za su ɓata aikin. A lokacin murza babu abin da zai ɓaci. Lokacin tashin ƙarshe da lokacin gashi ne ba a buɗewa. Abin da kike so ki gani shi ne dunƙule ɗaya, mai santsi, yana zagayawa a kan 'yar farfelar da ke murza shi, yana taɓa jikin gwangwanin injin yana saki, ƙasan gwangwanin kuma fes. Ki taɓa shi da yatsa. Ya kamata ya ɗan kama yatsar kaɗan sannan ya saki ba tare da ya bar kwaɓi a jikinta ba. Idan kika ga yana shafe a ƙasa, farfela na juyawa a cikinsa shi kuma bai tattaru ba, ruwa ya yi yawa: ki barbaɗa fulawa cokali ɗaya, ki jira minti biyu, ki sake dubawa. Idan kuma kika ga ya yi gutsattsari, ko ya dunƙule amma fatarsa na tsattsagewa, injin na gurnani yana tangal-tangal a kan tebur, to ƙishirwa yake ji: ki zuba ruwa ƙaramin cokali ɗaya, ki jira. Kaɗan-kaɗan ake yi, don kwaɓi ba ya nuna abin da aka ƙara masa nan take. Idan gari ya maƙale a kusurwoyi, ki kankare shi da cokalin roba ki tura tsakiya. Wannan leƙen na minti biyu shi ne ke raba burodin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, a kowane yanayi.

Abu na biyu, ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir. Littafin naki da kofi yake magana, kuma kofin da yake nufi mai cin mililita 240 ne ko wanda ya zo da injin, ba kofin shayi ba, ba gwangwanin madara ba. Ko da kofin daidai ne, fulawar cikinsa tana iya zama giram 120 idan an zuba ta a hankali, ta kai giram 150 idan an dumbuza an danna. A kofi huɗu bambancin ya kai giram 120, wato kofi guda cur. Da sikeli wannan rigimar ta ƙare. Masu gidajen burodi da nauyin fulawa suke auna komai: ruwa kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyin fulawa, gishiri kusa da kashi 2, yis kusa da kashi 1. Ga ma'aunin da za ki fara da shi idan injinki mai cin burodin giram 900 ne ko kilo ɗaya:

Fulawa giram 500
Ruwa mililita 300
Sukari giram 40
Bota giram 30
Madarar gari giram 20
Gishiri giram 9
Yis giram 5, ki mayar da shi 4 a lokacin zafi, 6 a tsakiyar hunturu

Idan naki mai giram 750 ne, ki rage komai da kashi ɗaya cikin biyar, fulawa ta koma giram 400. Cika gwangwani fiye da ƙima ma yana sa burodi ya taɓa murfi, samansa ya ƙi gasuwa. Idan za ki sa ƙwai ɗaya, ki rage ruwa da kamar mililita 40, don yawancin ƙwai ruwa ne. Yawancin injina ruwa ake fara zubawa, sai fulawa, sai a yi ɗan rami a sama a sa yis, gishiri da sukari kuma a gefe. Wasu na Panasonic akasin haka suke so, yis a ƙasa, ruwa a ƙarshe. A nan ki bi littafinki.

Sukari da gishiri suna buƙatar 'yar magana. Bakinmu ya saba da burodi mai zaƙi, shi ya sa hannu ke saurin ƙara sukari. Idan ya wuce kashi 10 na nauyin fulawa, wato giram 50 a wannan ma'aunin, yana janye ruwa daga yis ya rage masa kuzari, kuma ɓawon burodin ya yi duhu tun cikin bai nuna ba. Idan kina son mai zaƙi sosai, ki zaɓi tsarin burodi mai zaƙi a jikin injin, ki sa gashin ɓawo a kan mafi haske, ki nemi yis ɗin da aka yi don kwaɓi mai sukari. A yis mai suna Saf-instant, mai fakiti ruwan zinare shi ne na wannan aikin, mai ja kuma na burodin da ba shi da zaƙi sosai. Gishiri kuwa, na san gidaje da yawa ana rage shi saboda mai hawan jini, kuma dalili ne mai kyau. Sai dai gishiri ba don ɗanɗano kawai yake ciki ba. Shi ke ja wa yis linzami, shi ke ƙarfafa danƙon kwaɓi. Burodin da aka cire wa gishiri gaba ɗaya a zafin Sakkwato sai ya lotsa. Ki rage shi zuwa giram 6 ko 7, ki rage yis tare da shi.

Shi kansa yis ɗin, ki guji na ƙulli da ake aunawa a leda a kasuwa, wanda ba ki san kwanansa nawa a buɗe cikin zafi ba. Ki sayi na fakiti a rufe, idan kin buɗe ki juye a kwalba mai murfi ki sa a firiza. Idan kina shakkarsa, ki zuba ƙaramin cokali ɗaya a rabin kofin ruwan ɗumi da ɗan sukari. Minti goma bai yi kumfa ba, ki zubar.

Sai fulawa, tunda kin tambaya. Abin da ke riƙe iska a cikin burodi danƙon alkama ne, wanda ake kira gulutin, kuma yana samuwa ne idan furotin ɗin fulawa ya sha ruwa aka murza shi. Fulawar burodi tana da furotin kashi 12 zuwa 14, ta gama-gari 10 zuwa 12, ta kek kuma ƙasa da haka. Inji yana murzawa da ƙarfi kuma yana barin kwaɓi ya daɗe, saboda haka fulawa mai ƙarfi ta fi jure masa. A wajenmu manyan buhunan da gidajen burodi ke saye, irin su Golden Penny, yawanci suna yin burodi lafiya lau. Matsalar tana zuwa ne daga fulawar awo, wadda ba ki ga buhunta ba, ba ki san ko ta kek ce ko ta daɗe a buɗe ba. Akwai gwaji mai sauƙi. Ki kwaɓa cokali uku na fulawar da ɗan ruwa, ki dunƙula, ki bar shi minti ashirin, sannan ki riƙa matsa shi a hankali cikin kwanon ruwa. Farin sitaci zai fita, ruwan ya yi fari. Abin da ya rage a hannunki shi ne danƙon. Idan ya fito dunƙule mai ɗan yawa, kika ja shi ya miƙe ya koma, fulawar ta burodi ce. Idan ɗan mitsitsi ne ko ya narke ya bi ruwa, ki bar ta wa cincin da kek. Kada kuma wani ya sayar miki da garin ƙara kumburi da ba shi da suna a jikinsa. Sinadarin buromet da wasu ke sakawa hukumar NAFDAC ta haramta shi a burodi, kuma burodin gida ba ya buƙatarsa.

Idan laushi kike nema, irin wanda burodi zai kwana biyu bai bushe ba, ga dabarar da mutanen Japan da Sin suke yi. Daga cikin fulawar ki ɗebi giram 25, daga cikin ruwan ki ɗebi mililita 125, ki dama ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ya yi kauri kamar talge. Ki sauke ya huce sarai, ki zuba a gwangwani tare da sauran ruwan. Sitacin da ya dahu yana riƙe ruwa fiye da ɗanye, shi ya sa za ki iya ƙara ruwan gaba ɗaya zuwa mililita 330 ba tare da kwaɓin ya yi ruwa ba. A ganina wannan ya fi tula bota da ƙwai amfani, kuma ya fi araha. A lokacin zafi ki sa talgen a firij tukuna.

Game da alkamarmu ta gida, irin wadda ake nomawa da rani a Kadawa da kwarin Haɗeja, tana yin burodi mai ƙamshi da ƙosarwa, amma kada ki fara da ita zalla. Dusarta tana yanka danƙo, tana kuma shan ruwa da yawa. Ki fara da giram 150 na garin alkama cikin 350 na fulawa, ki ƙara ruwa kamar cokali biyu, ki zaɓi tsarin burodin alkama, wanda ya fi tsawo don garin ya jiƙa. Ki tsince alkamar ki wanke ta bushe kafin a kai niƙa, domin tsakuwa ɗaya tana iya karce rufin cikin gwangwanin, daga nan burodi ya fara kamawa. Garin da aka dawo da shi daga inji da zafinsa, ki baza shi ya huce kafin ki auna. Dawa, gero, masara da rogo ba su da wannan danƙon ko kaɗan, don haka kada su wuce kashi 10 zuwa 15 na garin.

Ba ki ambaci wuta ba, amma dole in taɓo ta. Da farko ki duba lambar da ke bayan injin ko ƙarƙashinsa. Wutarmu bolt 230 ce. Na Ingila da Turai da Dubai sun dace da ita. Na Amurka 120 ne, na Japan 100, kuma waɗannan sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, wadda ta fi ƙarfin injin da tazara. Tunda naki yana aiki tun hunturu, da alama ya dace. Yawancinsu suna jan wat 450 zuwa 650, amma a awar ƙarshe ta gashi ne suke jan hakan. Murza ba ta cin wuta sosai, kuma burodi ɗaya ba ya cinye yunit guda. Damuwar ita ce tsarin burodi na yau da kullum yana ɗaukar awa uku zuwa huɗu, injin kuma ba ya tuna inda ya tsaya sai na 'yan mintuna, wasu bakwai, wasu goma ko sha biyar. Idan aka ɗauke wuta ya wuce haka, komai ya goge. In hakan ta faru ana cikin murza ko tashi, ki juye kwaɓin, ki ƙarasa da hannu, ki sa a gwangwanin burodi na oben. Kada ki sa gwangwanin injin a oben ko kan garwashi, akwai roba a gindin farfelarsa. In kuma ana cikin gashi ne wutar ta dawo da wuri, akwai tsarin gashi zalla, ki danna shi ki ƙarasa.

Saboda wannan, shawarata ga duk wadda wutar unguwarsu ba ta da tabbas ita ce ta mayar da injin mai kwaɓi. Tsarin da aka rubuta wa Dough yana murzawa ya yi tashin farko cikin kamar awa ɗaya da rabi. Daga nan ki fito da kwaɓin, ki naɗe shi, ki sa a gwangwani, ki rufe, ki bar shi ya kusa ninkawa. Ki danna gefensa da yatsa: idan ramin ya taso a hankali bai cike duka ba, ya isa gashi. Oben mai digiri 180 zuwa 190, minti 30 zuwa 35. Ta wannan hanyar tashin ƙarshe, wanda shi ne yake ba ki wahala, ya dawo ƙarƙashin idonki, ɓawon ya fi kyau, kuma babu ramin farfela a gindin burodi. Wahalar burodi dama murza ce, ita kuma injin ya ɗauke miki. Da wannan tsarin za ki kwaɓa donat, burodin shawarma, fiza, gurasa, har da alkubus idan kin sassauta ruwan. Fanke ruwa-ruwa ne, hannu ya fi sauri. Kwaɓin cincin da na mitfai kuwa kada ki ba inji, don su ba a son danƙo ya tashi a cikinsu, murza mai yawa tauri take sa su.

Akwai agogon jinkiri da ke ba ki damar zuba kaya da dare ki tashi da burodi da safe, yana da daɗi musamman da azumi. Amma banda ƙwai da madarar ruwa, don za su lalace kafin injin ya fara. A lokacin zafi ma ban ba ki shawararsa ba sam, ruwan sanyin da kika zuba zai ɗumame tun tsakar dare.

Idan burodi ya gasu, ki cire shi nan take, kada ki bar shi a ciki gumi ya jiƙa ɓawon. Ki ɗora a kan raga inda iska za ta shiga ta ƙasa, ki ba shi awa ɗaya kafin ki yanka. Da zafinsa cikin bai gama kamawa ba, wuƙa za ta dame shi ki zaci bai nuna ba. Gwangwanin kada ki tsoma shi cikin ruwa, kada ki sa masa soson ƙarfe. Ki zuba ruwan ɗumi a ciki ya jiƙa, farfelar za ta fita da kanta, ki wanke da soso mai laushi.

Burodin gida ba shi da maganin hana fumfuna irin na kanti, saboda haka da damina kwana biyu zuwa uku ne iyakarsa a waje. Firij yana hana fumfuna amma yana sa shi saurin tauri. Wanda ba za a ci gobe ba, ki yayyanka, ki ɗaure a leda, ki sa a firiza, duk mai so ya ciri yanka biyu ya ɗumama a kasko.